Gwajin Ƙaramin Famfon Zuciya: Abin Da Jinin Shanu Ya Nuna Mana

Ni ba likita ba ne. Injiniyan injuna ne, abin da na taso da shi tun daga Zariya shi ne ruwa da bututu da farfela da boris. Da na samu gurbin karatu a wani ɗakin bincike a yammacin Jamus, aikin da aka ɗora mini guda ɗaya ne: in gano ko ƙaramin famfon da ƙungiyarmu ke ƙerawa yana farfasa jini, in kuwa yana farfasawa, to har ina.

Irin wannan famfo ba zuciyar roba ba ce, ba kuma abin da mutum zai koma gida da shi ba ne. Ɗan agaji ne na 'yan awoyi ko 'yan kwanaki. Zuciyar baligi tana tura kimanin lita 5 na jini a minti ɗaya in yana zaune. Idan jijiyar da ke ciyar da ita ta toshe, wani lokaci takan galabaita har ta kasa tura abin da zai ishi ƙoda da ƙwaƙwalwa, kuma a wannan halin kusan rabin marasa lafiya ba sa tashi. Sai likita ya huda jijiyar gindin cinya, ya zura famfon yana bin babbar jijiya har ya ratsa bawul ɗin zuciya, bakinsa ya shiga ɗakin hagu na ƙasa. Yana zuƙar jini daga can yana watsawa cikin babbar jijiya, zuciya ta samu ta numfasa. In ta farfaɗo, a zare shi.

Duk wahalar kuwa daga wannan hujin take. Jijiyar cinya ba ta da faɗi, ta tsofaffi ma ga ƙunci ga tauri. Likitoci suna auna kaurin irin waɗannan kaya da wani ma'auni da suke kira Faransi, kowane 3 daidai yake da milimita 1. Impella CP, famfon irin wannan da aka fi amfani da shi a yau, Faransi 14 ne, wato bai kai milimita 5 ba. A cikin wannan ɗan kaurin aka cusa mota, wato ɗan injin lantarkin da ke juya farfela, da kwayil ɗinta da maganaɗisu da boris da farfela. Farfela in ta ƙanƙance, ba ta da hanyar tura ruwa mai yawa sai ta ƙara gudu, shi ya sa tasa take juyawa har sau 46,000 a minti, fiye da sau 750 a daƙiƙa ɗaya. Jajayen ƙwayoyin jini kuma, waɗanda faɗin kowace bai wuce kashi 8 cikin dubu na milimita ba, dole su bi ta tsakanin bakin farfelar da bangon bututun. Can ne ake yin ta.

Shekaru da dama masana sun ɗauka babu yadda jini zai tsira daga irin wannan gudu. Shi ya sa abin da aka daɗe ana dogaro da shi shi ne balan-balan da ake sa wa cikin babbar jijiya tana kumbura tana sacewa daidai da bugun zuciya, wadda Adrian Kantrowitz ya fara sa wa ɗan adam a 1967. Wanda ya karya wancan zaton wani likita ne Ba'amurke, Richard Wampler, da ya je Masar a 1976 ya ga famfunan ban ruwa a ƙauye, ya dawo da tunanin a yi irinsu ƙarami a zura cikin zuciya. Nasa, Hemopump, an fara sa wa mara lafiya a 1988 a Houston, hannun Dakta Frazier. Motarsa a waje take, wata doguwar waya mai lanƙwasa ce ke juya farfelar daga nesa, kuma bai yi kasuwa ba. Thorsten Siess a garin Aachen na Jamus ne ya matso da motar kanta zuwa kusa da farfela, daga nan Impella ya fito. Kamfanin Abiomed ya saye shi a 2005, Amurka ta amince da na farko a 2008, a 2022 kuma Johnson & Johnson ya saye Abiomed ɗin kan dala biliyan 16.6. Na faɗi wannan kuɗin ne don a san dalilin da ya sa ƙananan ɗakunan bincike irin namu ke ta ƙoƙarin fito da nasu.

Watannin farko ban ga ko ɗigon jini ba. A kwamfuta ake fara komai. Wani abokin aikina yana zana siffar farfela, ni kuma ina sa kwamfuta ta kwaikwayi yadda ruwa zai bi ta cikinta, ta yi mini zane mai launi: shuɗi inda ruwa ke tafiya salin-alin, ja inda ake murza shi. Abu biyu ne ke kashe ƙwayar jini, ƙarfin murzar da kuma tsawon lokacin da ta daɗe ana murzar ta. Murza mai tsanani in ta wuce cikin ƙiftawar ido, ƙwayar kan jure. Amma in akwai wani lungu bayan farfela da jini ke zagayawa ya rasa mafita, ko murzar ba ta kai ta kawo ba sai an yi ɓarna, kuma a irin wannan lungun ne gudan jini ke fara haɗuwa.

Daga nan sai a buga farfelar da injin buga abubuwa, a kai ta zagayen gwaji: tiyo-tiyo na roba, tulun da ke kwaikwayon laushin jijiya, matsi da ake ƙarawa ko a rage. Ruwan da ake zubawa haɗin ruwa ne da gilisarin, wajen kashi 40 cikin ɗari, don kaurinsa ya zo daidai da na jini. A nan muke auna lita nawa famfo ke bayarwa a kowane matsi. Wannan matakin daɗi gare shi, domin gilisarin ba ya fashewa, ba ya daskarewa, ba ya wari, ba ya kuma bambanta daga yau zuwa gobe. Akwai wata farfela da muka yi ta yabo a lokacin, mai fukafukai masu kaifin lanƙwasa da ƙaramin gibi tsakaninta da bango. Ita ta fi kowacce tura ruwa. Wani dattijo ma'aikacin ɗakin gwajin, wanda ya fi shekarun haihuwata yana wannan aiki, ya ɗauke ta ya duba ta da madubin ƙara girma, ya ajiye, ya ce sai ya ga ruwan jininta tukuna.

Ranar gwajin jini tun kafin asuba take farawa. Ƙa'idar da ake bi, wadda aka sani da ASTM F1841, tana son sabon jini, don haka dole wani ya je mayanka. A Jamus ɗakunan bincike da yawa jinin alade suke ɗauka, saboda shi ya fi samuwa. Tun zuwana na gaya wa shugabar sashenmu cewa in da hali na fi son na shanu. Ba ta ja magana ba, ta ce ƙa'idar ta yarda da shi, sai dai ni zan riƙa tuƙin, don mayankar shanun ta fi nisa.

Wanda ya san kwata a Kano zai yi mamakin shirun wurin. Fararen kaya, takalman roba, hula har da rufin gemu. Ana ba ka wuri ka tsaya da jarkarka wadda ka riga ka zuba wa hefarin, maganin hana daskarewa. Jinin da ya fara tsartuwa ba a ɗauka. Na bayansa ake tara, a karkace jarkar ya bi ta gefenta a hankali, domin in ya faɗo daga sama ya yi kumfa, ka fara farfasa shi tun kafin famfo ya taɓa shi. Ana juya jarkar sannu-sannu don maganin ya gauraya, ba a girgizawa. Ɗuminta kana jin sa ta cikin safar hannu. Sai ka sa a akwatin ɗauka ka kama hanya, kana kaucewa ramuka da birki mai ƙarfi.

Wata rana ina hanyar dawowa Umma ta kira, ta ji ƙarar mota ta tambayi ina na fito da sassafe haka. Na ce daga mayanka, na ɗebo jini. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yanzu ɗan nan, duk karatun da aka yi, fawa aka koma?" Na ce, "A'a Umma, injin da zai taimaki masu ciwon zuciya muke gwadawa." Ta ce, "To Allah ya taimaka. Ka dai riƙa wanke kayanka kafin ka yi salla."

A ɗakin gwaji ana tace jinin don cire gashi da ƙananan gudaji, a auna yawan jajayen ƙwayoyinsa, a surka shi da ruwan gishiri na musamman har ya sauko wajen kashi 30 zuwa 35 cikin ɗari. Sai a raba shi uku. Kashi ɗaya a zagayen da ke ɗauke da famfonmu. Kashi na biyu a wani zagayen mai kama da shi sak, amma da famfon da aka riga aka san halinsa, don a samu abin kwatantawa. Na uku a jaka kawai, a ajiye cikin ruwan ɗumi ba tare da komai ya taɓa shi ba, don a ga ɓarnar da jinin zai yi shi kaɗai. Wannan rabon shi ne ginshiƙin gwajin, saboda jinin kowace saniya da halinsa. Wadda ta sha doguwar tafiya ko ta firgita kafin yanka, ƙwayoyinta sun fi saurin fashewa. In ka gwada famfo ɗaya da jinin Litinin, ɗaya da na Alhamis, shanu ka kwatanta.

Kowane zagaye bai kai rabin lita ba. Aiki mafi cin rai shi ne fitar da iska. Kana bin tiyo da yatsa kana ƙwanƙwasawa, kana kora kowane ɗan kumfa zuwa wurin fita, domin kumfa ɗaya da ya maƙale kusa da farfela ya isa ya lalata sakamakon yini guda. Zafi ya tsaya a digiri 37. A kunna, a daidaita gudu da matsi, sannan agogo ya fara: awa 6, kowace awa a zuƙi samfuri da sirinji, shi ma a hankali.

Samfurin ana sa shi a injin wulwulawa, jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, ruwan jinin ya taso sama. Lafiyayyen ruwan jini rawaya-rawaya ne garai. In ƙwayoyi sun fashe, himogulobin da ke cikinsu, sinadarin da ke ba jini launin ja, ya zube a ciki, sai ya fara sirkawa da ja. Akwai na'urar da ke auna wannan da haske ta ba ka lamba, amma dattijon nan yakan jera ƙananan kwalaben a kan farar takarda kusa da taga, ya kalla kafin na'ura ta yi magana. Ranar farfelar da muke alfahari da ita, kwalbar awa ta farko ba laifi. Ta awa ta uku ta yi ruwan hoda. Ta shida kuwa launin zoɓo ta yi, alhali ta zagayen da ke gefe ba ta wani canza ba. Babu wanda ya ce komai, kowa ya koma kujerarsa. Mun maimaita da jinin wasu shanun, don gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, sakamakon bai sauya ba.

Dalilin da ya sa ake tsananta wannan awo shi ne, himogobulin da ya fita daga ƙwayarsa guba ne ga ƙoda, ƙodar da dama tana cikin wahala saboda zuciya ba ta ba ta isasshen jini. Ma'aikatan jinya da ke kula da masu irin wannan famfo jakar fitsari suke fara kallo, in ya yi duhu sun san famfon ya goce daga mazauninsa ko yana cin jini. Ba jajayen ƙwayoyi kaɗai ke shan wuya ba. Akwai wani dogon sinadari a cikin jini mai suna von Willebrand da ke taimakawa wajen tsayar da zubar jini, murzar farfela tana tsinka shi. Sai ka ga na'ura ɗaya tana jawo daskarewa a wani wuri, tana jawo zubar jini a wani.

Muka koma kwamfuta da sabon ido. Inda zanen ya nuna ɗan siririn ja a bakin fukafukan, wanda muka raina a da, nan ne matsalar. Aka buɗa gibin kaɗan, aka dakushe kaifin bakin, aka goge fuskar farfelar har tana sheƙi, domin ɗan kaushin da injin bugawa ke bari, wanda yatsa ba ya ji, ƙwayar jini tana jin sa. Ruwan jini ya yi haske sosai. Amma gibi in ya buɗe, wani jinin yakan sulale ya koma baya, sai litar da famfo ke bayarwa ta ragu. In ka ƙara gudu don ka maido da litar da ta ragu, murza ta dawo, mota kuma ta ƙara zafi, jini kuwa ba ya son zafi. In ka ƙara wa famfon kauri don ya yi aiki a hankali, kamar Impella 5.0 mai Faransi 21 da ke juyawa sau 33,000 yana ba da lita 5, to sai likitan tiyata ya yanka ya buɗe jijiya, ba huji kawai ba. Ko ta ina ka ja, wani gefen zai yaye. A taronmu na mako-mako likitan zuciyar da ke ba mu shawara kullum lita yake nema, dattijon ɗakin gwaji yana kare jini, mai ƙera mota yana kukan zafi. A ganina dattijon ne ya fi gaskiya, don famfon da ya ba da lita 4 ya kashe ƙoda bai taimaki kowa ba. Amma shi ma likitan ba son zuciya yake yi ba, shi ne yake tsaye a kan mara lafiya ƙato da lita 2 ba za ta ishe shi ba.

Akwai kuma batun hana jini shiga cikin motar. In ya kutsa wurin boris, zafi ya dafa shi, ya daskare, famfo ya tsaya. Dabarar da Impella ke bi ita ce a riƙa tura ruwan sukari mai hefarin ta wani siririn bututu ya ratsa motar ya fito ta bayan farfela, da matsin da ya fi na jini, ya zama katanga. Mu ma irinta muka bi. Bayan kowane gwaji nakan kwance famfon a ƙarƙashin madubi in duba bayan farfela. Sau da yawa sai ka tarar da wani ɗan farin zobe mai yauƙi ya naɗe sandar, siriri kamar zare. Hotonsa nake ɗauka in auna, don a awa 6 zare ne, a kwana 5 cikin mutum ba zare ba ne.

Muna cikin wannan ne, a 2024, aka fitar da sakamakon gwajin DanGer Shock da aka yi a Denmark da Jamus da Ingila. An daɗe ana jiran sa, musamman tun da wani babban gwaji a 2012 ya nuna balan-balan ɗin nan ba ta rage mutuwa a irin waɗannan marasa lafiya. Mutum 355 aka lissafa. Bayan kwana 180, kashi 45.8 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa Impella CP sun rasu, a cikin waɗanda ba a sa wa ba kuma kashi 58.5. A ɗakinmu an yi murna, domin wannan ne karon farko da aka samu hujja mai ƙarfi cewa irin aikin da muke yi yana ceton rai. Amma shafin da na fi daɗewa a kai shi ne na illoli: waɗanda aka sa wa famfon sun fi zubar da jini, sun fi samun matsalar jinin ƙafa, sun kuma fi buƙatar wankin ƙoda nesa ba kusa ba. Biyu na farko maganar kauri ce, ta ukun kuwa ina ganin kwalabena a cikinta.

Likitan nan mai neman lita ya taɓa tambayata daga wane gari nake. Da na ce Zariya, sai ya ce ya san sunan daga littattafai. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta a kan yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, kuma har yau arewacin Najeriya na cikin wuraren da cutar ta fi yawa a duniya. Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya yi shekaru yana bincike a kanta. Mace mai jego, ƙaramar yarinya, da zuciyar da sau da yawa takan iya farfaɗowa in an ba ta lokaci, ita ce ainihin wadda famfo na wucin gadi zai fi amfana, kuma a nan Jamus an sa wa irin waɗannan mata. Sai dai famfon guda ɗaya a Amurka ya haura dala dubu 20, sau ɗaya ake amfani da shi, ga ɗakin zura bututun zuciya, ga wutar da ba ta ɗaukewa, ga ma'aikatan jinya da ba sa barin gefen gado. A taron ƙungiyarmu ana maganar milimita da lita, ba a cika maganar farashi ba. Nakan ɗaga ta in na samu dama, a rubuta a ƙarshen takarda.

A ƙarshe farfelar da ta fi sauƙin hali aka zaɓa, mai ba da ƙasa da abin da likita ya so, da ruwan jinin da ya zo kusa da na famfon kwatance. Mataki na gaba tumaki ne, kuma a Jamus ba a taɓa dabba sai hukuma ta ga hujjar cewa an gama duk abin da za a iya yi a kan tebur, don haka duk lambobin kwalabena suna cikin takardar neman izini. A can za a ga abin da tiyo ba ya nunawa: yadda bakin famfo ke tsotso bangon zuciya in jini ya yi ƙaranci, yadda yake gocewa in dabba ta motsa, da halin da ƙoda za ta shiga bayan kwanaki.

Ni kuma an riga an miƙo mini aiki na gaba. Kamfanoni da yawa yanzu sun koma kan farfela mai naɗewa, wadda ake zurawa a matse ta huji ƙarami, wajen Faransi 9 ko 10, in ta isa zuciya ta buɗe ta yi faɗi, ta yi aiki da gudu kaɗan. A takarda ta warware rigimar kauri da gudu. Amma fukafukin da ke naɗewa yana lanƙwasawa in yana juyi, gibin da muka sha wahalar daidaitawa ba zai tsaya wuri ɗaya ba, kuma kwamfuta ba ta iya faɗin abin da zai yi wa jini daidai. An buga guda uku, suna cikin gilisarin tun makon jiya, mayanka kuma sun ba mu ranar Talata.